T3 Na Baibai: Homon Ɗin Da Littafin Aji Bai Cika Ambata Ba

Idan malamin bayoloji ya tambayi 'yan aji uku na babbar sakandare sunan homon ɗin da tayirod ke samarwa, kusan kowa zai ɗaga hannu ya ce tairoksin. Masu ƙwazo za su ƙara da T3. Amsar daidai ce, kuma ita ake nema a jarrabawa. Sai dai a cikin jinin kowannenmu akwai wani na uku da ba a cika jin sunansa ba. Masana na rubuta shi rT3. Mu a wannan shafi za mu kira shi T3 na baibai, domin ma'anar sunan nasa ke nan, wato T3 da aka juya.

Abin da ya sa muka ɗauko shi a wannan makon shi ne, shi da T3 tagwaye ne. Da abubuwa iri ɗaya aka gina su, adadi ɗaya, nauyi ɗaya. Bambancinsu kawai shi ne wurin da ƙwayar zarra guda ta aidin ta zauna. Amma ɗaya yana hura wutar jiki, ɗayan kuwa ba ya hura komai. Da wannan ɗan bambanci jiki yake tsimin ƙarfi a lokacin yunwa da ciwo, da shi kuma yake kare jaririn da ke cikin mahaifa. A kansa ne kuma wasu masu talla a intanet suke yaudarar mutane su sha magungunan da ba sa buƙata.

Tayirod da abin da take zubawa cikin jini

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi, tana gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro. A jikin baligi nauyinta bai wuce gram 15 zuwa 25 ba. Idan ta kumbura, shi ne abin da muke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne ta tsamo aidin daga cikin jini, ta haɗa shi da wani sinadari mai suna tairosin, ta samar da homon. Homon kuwa saƙo ne da wani sashe na jiki ke turawa ta hanyar jini zuwa wani sashe.

Saƙon tayirod ya shafi saurin da jiki ke aiki da shi: yawan abincin da ake ƙonawa, ɗumin jiki, bugun zuciya, girman yaro da ginuwar ƙwaƙwalwarsa. Idan saƙon ya yi yawa, mutum ya rame, ya riƙa gumi, zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku. Idan ya yi kaɗan, sai kasala da jin sanyi da kumburin fuska su biyo baya. Wata ƙaramar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, ita ce ke sa ido. Tana aiko da nata homon mai suna TSH domin ta ce wa tayirod ta ƙara himma, ko kuma ta rage aikowa idan ta ga kaya sun wadata.

A kowace rana tayirod ɗin baligi na fitar da kimanin maikurogram 80 zuwa 100 na tairoksin, wanda ake kira T4. Maikurogram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na gram. To amma T4 ba shi ne ainihin mai aikin ba. Ya fi kama da ɗanyen mabuɗi, irin wanda mai yankan mabuɗi a kasuwa ke ratayewa kafin a kawo masa aiki. Sai an yanke masa haƙori guda tukuna. Tambayar ita ce, wanne za a yanke?

Zobba biyu, kujeru huɗu

Mu ɗan shiga ajin kemistiri. Curin T4 ya ƙunshi zobba biyu na kabon, kowanne mai kusurwa shida, irin zoben benzin da ake zanawa a allo. Ƙwayar oksijin guda ce ta haɗa su kamar gada. Zobe ɗaya yana ɗauke da wata jela ta amino asid, shi ake kira zoben ciki. Ɗayan yana can ƙarshe, shi ne zoben waje.

A kan zobban nan akwai kujeru huɗu da aidin ke zama. Biyu a zoben ciki, masu lamba 3 da 5. Biyu a zoben waje, masu lamba 3' da 5'. Wannan 'yar alama da ke saman lambar tana nuna cewa kujerar ta zoben waje ce. Idan duk kujerun huɗu sun cika, an sami T4, kuma daga nan lambar 4 ta fito. Tsarinsa shi ne C15H11I4NO4. Aidin yana da nauyi sosai, don haka kusan kashi 65 cikin 100 na nauyin T4 aidin ne.

Yanzu a ɗauke aidin guda daga zoben waje, haidurojin ya maye gurbinsa. Abin da ya rage yana da aidin a kujeru 3 da 5 da 3'. Wannan shi ne T3. A koma kan wani T4 ɗin, a ɗauke aidin guda daga zoben ciki. Sauran suna kujeru 3 da 3' da 5'. Wannan shi ne T3 na baibai. Dukansu biyu tsarinsu C15H12I3NO4 ne. Ko an ɗora su a sikeli ba za a bambance su ba. Irin waɗannan sinadarai masu kayan gini ɗaya amma jeri daban su ne ake kira aisoma a darasin kemistiri. Wanda ya kasa riƙe ma'anar aisoma daga misalin butan da aisobutan, to ga misali yana yawo a cikin jininsa.

Me ya sa ɗaya ke buɗe ƙofa, ɗaya ba ya buɗewa?

A cikin cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani furotin da ke jiran homon ɗin tayirod. Yana da wani ɗan aljihu da homon ke shiga. Idan ya shiga ya zauna daram, furotin ɗin sai ya sauya siffa, ya kunna wasu umarnai na gado ya kashe wasu. Kamar kwaɗon ƙofa ne da mabuɗinsa: siffa ita ce komai.

Ƙwayar aidin babba ce. Idan guda biyu suka zauna a kujeru 3 da 5 na zoben ciki, sukan matse gadar oksijin ta ɓangarori biyu, su tilasta wa zoben waje ya tsaya a gicciye da na ciki, kamar yadda bango ke tsaye a kan daɓe. Wannan tsayuwar ce aljihun yake so. T3 yana da ita, kuma aidin guda ne kawai a zobensa na waje, don haka yana shiga cif-cif. T4 ma yana da tsayuwar, amma ƙarin aidin ɗin da ke zoben waje ya sa ya yi wa aljihun ɗan girma, shi ya sa T3 ya fi shi kama furotin ɗin da kusan ninki 10.

T3 na baibai kuwa ya yi asara ta fuska biyu. Ya rasa ɗaya daga cikin masu tokare gadar, don haka zobbansa suna lilo ba su da tsayayyar siffa. Ga shi kuma yana nan da aidin biyu a zoben waje. Sakamakon haka riƙonsa ga furotin ɗin mai rauni ne ƙwarai. A adadin da yake cikin jini, ba ya buɗe ƙofar, ba ya kuma iya toshe ta ya hana T3 shiga. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Masu yankan mabuɗi su uku

Kaɗan ne daga cikin T3 da T3 na baibai tayirod ke fitarwa da kanta. Kusan kashi 80 cikin 100 na T3 ɗin da ke jiki a wasu gaɓoɓi ake yin sa daga T4. Na baibai ma ya fi haka, kusan dukansa a wajen tayirod ake samar da shi. Masu wannan aiki wasu enzaim ne guda uku, wato furotin masu hanzarta sauyin sinadarai. Ana kiransu D1 da D2 da D3.

D2 daga zoben waje kawai yake cirewa, don haka shi ne mai kunnawa. Yana da yawa a ƙwaƙwalwa da fituwitari da wani irin kitse mai launin ƙasa-ƙasa da ke samar da ɗumi. D3 daga zoben ciki kawai yake cirewa, shi ne mai kashewa. Yana mayar da T4 ya zama T3 na baibai, kuma idan ya kama T3 kansa sai ya rage masa aidin guda ya zama wani abu mara ƙarfi mai suna T2. Ya fi yawa a mabiyiya da mahaifa mai ɗauke da ciki da jikin ɗan tayi da ƙwaƙwalwa. D1 yana hanta da ƙoda da ita kanta tayirod. Yana iya cirewa daga kowane zobe, amma abin da ya fi so ya kama shi ne T3 na baibai. Shi ne mai share shi daga jini, a dawo da aidin ɗin a sake amfani da shi.

Wannan shara tana da sauri. T4 na ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya gushe daga jini, T3 kusan kwana ɗaya, na baibai kuwa 'yan sa'o'i ne kawai. Ko a jikin mai cikakkiyar lafiya, sama da kashi ɗaya cikin uku na T4 ta hanyar baibai yake bi kullum. Saboda haka samunsa a jini ba alamar cuta ba ce.

Hikimar tsarin ita ce, jini ɗaya ne ke zagaya ko'ina da T4 iri ɗaya, amma kowace gaɓa ita ke yanke wa kanta hukunci. Wadda ke son wuta ta ƙara D2. Wadda ke son sassauci ta ƙara D3. A farkon shekarun 1990 masu bincike a Jamus da Sikotilan da Amurka suka gano cewa a tsakiyar D1 akwai ƙwayar siliniyom, daga baya aka tabbatar haka abin yake ga sauran biyun. Ke nan aikin tayirod na buƙatar ma'adanai biyu daga abinci, aidin da siliniyom. Ana samun siliniyom a kifi da ƙwai da nama da hatsi.

Yadda aka gano su ɗaya bayan ɗaya

Ranar 25 ga Disamba, 1914, Edward Kendall na asibitin Mayo da ke jihar Minnesota a Amurka ya fitar da tsantsar tairoksin a karon farko. Aikin ba ƙarami ba ne: daga kimanin tan 3 na tayirod ɗin aladu ya tattara gram 33 kacal. A 1926 Charles Harington a Landan ya gano ainihin tsarin sinadarin, a shekarar da ta biyo baya kuma shi da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji.

An shafe shekaru ana zaton labarin ya ƙare. Sai a 1952 wata masaniya 'yar Ingila, Rosalind Pitt-Rivers, tare da abokin aikinta Jack Gross ɗan Kanada, suka gano T3 a cikin jinin mutum. A daidai lokacin, ayarin Jean Roche a birnin Faris na Faransa su ma suka gano shi a tayirod. Wannan ayari na Roche ne ya ci karo da T3 na baibai a tsakiyar shekarun 1950, a jikin ɓeraye. Da aka gwada aka ga ba ya ƙara wa dabba kuzari, sai aka ɗauke shi a matsayin tarkace.

Abu biyu suka sauya wannan kallo. A 1970 Lewis Braverman da Sidney Ingbar da Kenneth Sterling suka nuna cewa mutanen da ba su da tayirod, waɗanda T4 kawai ake ba su, suna da T3 a jininsu. Wato jiki da kansa yake juya T4. A 1974 kuma Inder Chopra na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya ƙirƙiro hanyar auna T3 na baibai a cikin jini. Da aka fara aunawa, sai aka ga hawansa da saukarsa suna da tsari.

Lokacin yunwa da lokacin ciwo

A 1975 wasu likitoci a Amurka suka bibiyi masu ƙiba da suka yarda su daina cin abinci gaba ɗaya na makonni ƙarƙashin kulawar asibiti. T4 ɗinsu bai sauya sosai ba. T3 ya faɗi, na baibai ya hau. Da suka koma cin abinci, komai ya koma yadda yake. Maganar a nan ta yunwar kwanaki ce a jere, ba ta wanda ya wuni bai ci ba ya ci da dare. Ma'anar sakamakon a fili take: idan itace ya yi ƙaranci, uwargida takan janye wasu daga murhu. Jiki na rage T3 domin ya ƙona abinci a hankali, ya kuma rage cin naman jikinsa. Ana ganin irin wannan sauyi a jikin yara masu tamowa, da matasan da ke hana kansu abinci da gangan domin su rame. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mai irin wannan horon yunwa yake jin sanyi da kasala, kuma ramar da yake nema take tafiyar hawainiya.

Haka ma a ciwo mai tsanani, kamar mummunar ƙuna ko babbar tiyata ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ko bugun zuciya. A irin wannan hali D1 na hanta yana raguwa, don haka ba a share na baibai da sauri. D3 kuma yana bayyana a gaɓoɓin da a da babu shi sosai, kamar hanta da tsoka. A 2005 masu bincike daga Rotadam ta Holan da Luben ta Beljiyam suka wallafa abin da suka gani a jikin majinyata fiye da 400 na ɗakin kulawa ta musamman. Waɗanda T3 na baibai ya fi hawa a jininsu tun ranar farko sun fi shiga haɗarin rasa rai.

A nan ɗalibin kimiyya zai yi hattara. Hawan na baibai alama ce ta tsananin ciwon, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta. Hakan bai nuna shi ne ya jawo mutuwar ba. Tun a 1986 Gregory Brent da Jerome Hershman suka gwada ba irin waɗannan majinyata tairoksin, ba a ga ya ƙara musu damar rayuwa ba. Abin da likitoci ke yi shi ne su magance ainihin ciwon, idan ya warke awon tayirod ya daidaita da kansa. Wasu magunguna ma kan ɗaga na baibai, misali amiyodaron na masu matsalar bugun zuciya, wanda shi kansa sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa aidin ne.

Garkuwar jariri a cikin mahaifa

Inda T3 na baibai ya fi yawa a rayuwar ɗan Adam shi ne kafin haihuwa. Jinin igiyar cibiya da ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki suna ɗauke da shi fiye da jinin baligi nesa ba kusa ba, T3 kuwa kaɗan ne. Dalili shi ne mabiyiya cike take da D3. Tana tsaye kamar mai gadin ƙofa, tana kashe mafi yawan homon ɗin uwa kafin ya isa ga ɗan tayi, ta bar gwargwadon buƙata ya wuce.

Ɗan tayi na buƙatar T4 na uwa, musamman a watannin farko kafin tasa tayirod ta fara aiki, domin ginin ƙwaƙwalwa ba ya yiwuwa sai da shi. Amma idan T3 ya mamaye jikinsa da wuri, gaɓoɓi za su yi saurin nuna kafin su gama girma, kamar 'ya'yan itacen da aka nuka tun suna ɗanye. Ga shi kuma ba ya buƙatar samar da ɗumi, jikin uwa ya ɗauke masa wannan. Da zarar an haife shi ya ji sanyin duniya, sai lamarin ya juye. Cikin kusan minti 30 TSH ɗinsa ke tashi sama, T3 ya ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kitsen nan mai samar da ɗumi ya kama aiki. Na baibai kuma ya riƙa sauka a makonnin da suka biyo baya.

Me zai faru idan D3 ya yi yawa a inda bai kamata ba? A shekarar 2000 Stephen Huang da abokan aikinsa a Boston suka bayyana labarin wani jariri ɗan wata uku mai babban ƙari na jijiyoyin jini a hanta. Tayirod ɗinsa tana aiki, amma homon ya ƙi zama a jininsa ko da an ba shi tairoksin fiye da kima. Da aka bincika, sai aka tarar ƙarin yana da D3 fiye da mabiyiya. Yana lalata homon ɗin da sauri fiye da yadda ake samar da shi. A irin wannan cuta, T3 na baibai mai yawa a jini shi ne sawun da ke kai likita ga ɓarawon. Idan ƙarin ya motse, matsalar takan tafi. Wannan lamari ne da ba a cika samu ba, kuma ya shafi manyan ƙari na cikin jiki.

Darasi daga rafi da sararin sama

Ba mutum kaɗai ke amfani da wannan dabara ba. A 1912 Friedrich Gudernatsch a birnin Farag ya ciyar da talibamban da tayirod ɗin doki, sai suka rikiɗe da wuri suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. Kwaɗin rafi muke nufi yanzu, ba na ƙofa ba. Daga nan aka gane homon ɗin tayirod ne ke mayar da talibamban kwaɗo. Amma akwai abin tambaya. Jini ɗaya ne ke zuwa ƙafafu da wutsiya, to me ya sa ƙafafu ke fara fitowa, wutsiya ba ta narkewa sai daga ƙarshe? Da wutsiya za ta riga tafiya, da dabbar ta rasa abin iyo. Wani ɓangare na amsar yana wurin enzaim ɗin nan: ƙafafu kan kunna D2 da wuri, wutsiya kuma sai a makare. A 1999 ayarin Donald Brown a Baltimo suka sa wasu talibamban samar da D3 fiye da kima a duk jikinsu, sai rikiɗar ta tsaya, wutsiya ta ƙi narkewa yadda ya kamata.

A Japan kuma, Takashi Yoshimura na Jami'ar Nagoya ya nazarci tsuntsun salwa. A 2003 da shekarun da suka biyo baya, ayarinsa suka nuna yadda tsuntsun ke sanin lokacin kiwo. Idan rana ta yi tsawo, D2 na hawa a wani ɗan lungu na ƙwaƙwalwarsa, D3 ya sauka, T3 ya taru a wurin, gaɓoɓin haihuwa su farka. Idan rana ta gajarta, sai tsarin ya juye. Tsuntsun na karanta kalandar shekara ne ta hanyar zaɓen zoben da za a cire wa aidin.

Tarkace ne, ko yana da nasa aikin?

Har yanzu ana bincike a kan ko shi kansa T3 na baibai yana aika wani saƙo. Jack Leonard da Alan Farwell na Jami'ar Masacusets sun nuna a gwaje-gwajen ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye cewa T4 da na baibai suna taimakawa wajen shimfiɗa wasu zarurruka na furotin mai suna aktin, waɗanda ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke dogara da su wajen tafiya zuwa mazauninsu. T3 bai yi wannan aikin ba. An kuma ga na baibai na iya rage yawan D2 a irin waɗannan ƙwayoyi. Waɗannan sakamako ne na ɗakin gwaji da na dabbobi, ba su kai a gina magani a kansu ba. Fili ne buɗaɗɗe ga duk wanda a cikinku ke mafarkin karanta kimiyyar sinadaran jiki a jami'a.

Hattara da masu talla

Duk wanda ya nemi bayanin T3 na baibai a YouTube ko TikTok zai ci karo da masu cewa gajiya da ƙiba da zubewar gashi duk daga yawansa ne, wai yana toshe ƙofar T3, kuma maganin shi ne a sha ƙwayoyin T3. Mun riga mun ga matsalar wannan magana a kemistiri: riƙonsa mai rauni ne, ba zai iya ture T3 daga aljihunsa ba. Asalin ra'ayin ya yaɗu ne daga wani likita a jihar Fulorida a wajajen 1990, kuma ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta bincika ta ce ba ta sami hujjar kimiyya da ke goyon bayansa ba. Shi ya sa idan ana zargin ciwon tayirod, awon da likita ke fara nema shi ne na TSH, sannan T4, ba na baibai ba.

Shan homon ɗin tayirod ba da buƙata ba yana iya rikita bugun zuciya, ya kuma sa ƙashi ya yi rauni. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya auna ƙwayoyi iri 10 da ake sayarwa a matsayin masu ƙarfafa tayirod ba tare da takardar likita ba, aka sami T3 na gaske a cikin 9. Don haka duk wata ƙwayar rage ƙiba ko gina jiki da aka ce tana zaburar da tayirod, a bar ta a inda aka gan ta. Gajiya a shekarun makaranta ta fi zuwa daga ƙarancin barci ko ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro ko tafiya aji ba karin kumallo. Wanda ya ga kumburi a wuya, ko rama ba dalili, ko bugun zuciya da rawar hannu, asibiti ya kamata ya nufa.

Abin da ke hannunmu a gida shi ne aidin, domin babu T4 babu T3 babu na baibai sai da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikurogram 150 a rana, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar 120, mai ciki da mai shayarwa 250. A Najeriya tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishirin ci. A duba jikin leda kafin a saya, a adana gishirin a mazubi mai murfi nesa da rana da damshi, domin aidin na raguwa idan an bar shi a buɗe. Ba sai an ƙara yawan gishiri a miya ba, wanda ake sawa ya isa idan mai aidin ne.

Ku gwada a aji

Ku samo kara da ƙaya ko tsinken tsintsiya ku haɗa zobba biyu masu kusurwa shida, ku sada su da guntun kara a matsayin oksijin. Ku liƙa marafan kwalba huɗu a kujeru 3 da 5 da 3' da 5'. Ku lura da yadda marafan zoben ciki ke hana zobban kwanciya a shimfiɗe. Ku cire marfi guda daga waje ku ga T3, ku mayar, ku cire guda daga ciki ku ga yadda zoben waje ya sami damar juyawa.

Sannan ga lissafi. Idan nauyin kabon 12 ne, haidurojin 1, aidin 127, naitirojin 14, oksijin 16, nawa ne nauyin T4, nawa ne na T3 na baibai, kuma kashi nawa cikin 100 na nauyin na baibai ne aidin? Tambaya ta ƙarshe ta masu zurfin tunani ce: idan D3 ya cire aidin daga zoben ciki na T3, D1 kuma ya cire daga zoben waje na T3 na baibai, a waɗanne kujeru aidin zai rage a kowanne? Ku zana ku gani, sannan ku nuna wa malamin kemistiri abin da kuka samu.